Mama Rhoda Mai Kati da Ƙafar Ɗan Garuwa

Ƙarfe shida saura kwata Mama Rhoda Mordecai take fitowa daga gidanta a Samaru, da jaka a hammata da laima a hannu, ko ana ruwa ko ba a yi. Ta hau bas ɗin Sabon Gari, ta yi faɗa da kwandasta in ya cusa mutum biyar a kujerar mutum huɗu, ta sauka ta ƙarasa da ƙafa. Kafin ta isa asibitin sha-ka-tafin da take aiki, wanda ba zan kama sunansa ba don har yanzu can nake zuwa awon jini, an riga an ja layi. Ba mutane ne a layin ba, takalmansu ne. Wani ya ajiye silifa, wani dutse, wata murfin kwano, masu abin kuma suna gindin darbejiya suna gadi da ido. Sai ta bi layin tana raba lambobin da ta yanka daga kwali, tana duban fuskoki. Wanda numfashinsa bai yi mata ba, ko jaririn da ya yi laushi a bayan uwarsa, ta wuce da shi gaba, wanda ya yi gunaguni kuma ya ji abin da bai nema ba. Sannan ta buɗe tagar ɗakin kati. Haka ta yi shekara talatin da biyar, har watan jiya, Nuwambar 2008, da ta yi ritaya.

Duk wanda ya ce muku mace ce mai sanyin hali, bai taɓa tsayawa a tagarta ba. Faɗa gare ta, ga naci. In ka zo yankar kati ka ce kana zaune a Zabi, ba za ta rubuta Zabi ta sallame ka ba. "Zabi ta ina? Kusa da gidan wa? Me kake yi, a ina kake tsayawa? In na zo, wa zan tambaya?" Na baya suna tsaki, ita ko a jikinta. Dalilinta yana ƙarƙashin tebur. Wani kwalin sabulu ne da take zuba katunan mutanen da likita ya ce su dawo rana kaza, ranar ta wuce ba su dawo ba. Kowace Laraba in an tashi aiki, sai ta zari biyu ko uku ta shiga unguwa nemansu. Ba wanda ya sa ta, ba ya cikin aikin da aka ɗauke ta yi, kuma shugabanni nawa suka zo suka tafi ba wanda ya san da kwalin.

Ni ma ban sani ba sai ranar da ta wanke ni tas, kuma ni na jawo wa kaina. Ina koyarwa a wata makarantar aikin lafiya a Samaru. A 2004 shugaban asibitin na lokacin, Dakta Olusegun, ya nemi in taimaka masa, don daga sama an ce a gano ko marasa lafiya sun gamsu da yadda ake duba su. Na tsara takardar tambayoyi, na mayar da ita Hausa, na ɗauki abokan aikina biyu. Muka sa fararen riguna, wai don a ɗauke mu da muhimmanci. Muka kafa kanmu a bakin tagar magani, daidai inda mutum yake karɓar ƙullinsa bayan ya sha jira, kullum daga tara zuwa ɗaya, don mu koma Samaru mu ci abincin rana a gida. Muna rubuta lambar katin kowa a saman takardarsa don kada mu tambayi mutum sau biyu. A lokacin, wallahi, duk wannan wayo na ɗauke shi.

Mutum ɗari uku muka tambaya, ɗari biyu da tamanin da biyu suka ce sun gamsu. An wulaƙanta ka? A'a, Allah Ya kiyaye. Jira ya yi yawa? Ai haƙuri ake yi. Lokacin buɗewa da rufewa ya yi maka? Ya yi ƙwarai. Kashi casa'in da huɗu cikin ɗari ke nan. Na buga rahoto, na sa masa bango mai sheƙi, na kai ofis ina tafiya ina jin kaina.

Ɗaya daga cikin mutanen ba na mantawa da shi. Malam Dalhatu ne, ɗan garuwa daga Chikaji, ya haura hamsin, yana da ciwon suga da wani ɗan gyambo a ƙarƙashin babban yatsan ƙafarsa ta dama. Ya sa rigarsa ta zuwa Juma'a, tun bakwai yake kan benci har sha biyu da rabi, ya ga likita na minti uku. Da na tambaye shi, sai ya ɗaga hannu biyu ya ce, "Madalla da gwamnati, madalla da likitoci, Allah Ya ƙara girma." Na yi masa maki a layin waɗanda suka gamsu sosai, na kira na bayansa.

Ga abin da ban tambaya ba. Asibitin yana da wani ɗan ɗakin wankin ciwo da ake buɗewa da yamma, daga huɗu zuwa shida, wani ma'aikacin jinya mai suna Julius ke riƙe da shi. 'Yan garuwa da 'yan dako da masu tuyar ƙosai, duk wanda safiya ce lokacin neman abincinsa, nan yake zuwa. Malam Dalhatu sau uku yake zuwa a mako. Ganin likita kaɗai ke kawo shi da safe, sau ɗaya a wata, a irin wannan ranar ce muka haɗu. Mu kuwa ba mu taɓa kaiwa ƙarfe huɗu a harabar asibitin ba. Da kwamiti ya zauna a kan rahotona, sai aka ce tunda kowa ya gamsu da lokutan safe, ga ƙarancin ma'aikata, a rufe ɗakin yamma a maido Julius safe. An ce Mama Rhoda ta je ofis ta yi magana, aka tuna mata ita mai kati ce, wannan kuwa binciken masana ne. Masanin nan ni ne.

Mako shida bayan nan, wata Laraba da la'asar, ta shigo ofishina a Samaru ko gaisuwa babu, ta buga wani kati a kan tebur.

"Malam, kai ne mai kashi casa'in da huɗu?"

"Ni ne, Mama. Lafiya?"

"Tashi ka ɗauko makullin motanka. Za ka je ka gaishe da ɗaya daga cikinsu."

Na ce ina da aji. Ta ce ajin ba zai ruɓe ba.

A bayan katin, da rubutunta, an sa: famfon bayan kamfanin da aka rufe, a tambayi shugaban 'yan garuwa. Minti goma ba mu yi a Chikaji ba aka nuna mana gidan. Kurar ruwansa na jingine a zaure, tayoyin sun sace, jarkoki a kife. Tun daga ƙofar ɗakin wari ya tare mu. Malam Dalhatu yana kwance, ƙafar a naɗe da tsumma, an shafa mata baƙin man mota da garin batir, abin da maƙwabta suka ce yana busar da gyambo. Yatsu biyu sun yi baƙi, kumburi ya kai idon sawu. Da ya gan mu sai ya fara kokawar tashi don ya ba mu tabarma, yana ba mu haƙuri wai mun same shi ba shiri.

Allah Ya gani, haushinsa na fara ji kafin nawa.

"Malam Dalhatu, me ya hana ka zuwa wanki?"

"An mayar da shi safe, ranka ya daɗe. Safe kuwa ruwa ake nema. Na je sau biyu, kafin a zo kaina azahar ta yi, gidajen da nake kai wa ruwa sun kira wani. Baki tara ne a gidan nan."

"To da na tambaye ka, me ya sa ka ce komai daidai?"

Ya dube ni da mamaki, kamar na tambaye shi abin da kowa ya sani.

"Ka sa rigan likita, ka rubuta lamban katina, ga mai ba da magani yana jin mu. Ni da zan dawo wajenku jibi, in ce ba ku iya ba? Kuma Malam, an duba ka, an ba ka magani, ai rashin tarbiyya ne ka tsaya kana ƙorafi."

Mama Rhoda ta juyo gare ni. "Ka ji ko? Shekara talatin ina tagan nan, ban taɓa jin talaka ya ce bai gamsu ba. In ransa ya ɓaci ba ya magana, daina zuwa yake yi. Masu amsan tambayanka suna ƙarƙashin teburina, kai ka je kana tambayan masu magani a hannu."

Na ce mu ɗauke shi yanzu zuwa babban asibiti. Ya ce atafau. Ya ji labarin can yanke ƙafa ake yi, kuma ɗan garuwa mai ƙafa ɗaya bara ce ta rage masa. Mama Rhoda ba ta yi masa wa'azi ba. Ta aike ni unguwar Jama'a na ɗauko Julius daga gidansa, ya zo ya wanke baƙin man nan kafin magariba, ita kuma ta zauna a bakin ƙofa ta ce ba inda za ta sai ya rantse gobe zai biyo mu asibitin da take aiki. Ya ga matar nan da gaske take, ya rantse.

Washegari Alhamis muka kawo shi ƙarfe takwas. Bencuna sun cika maƙil, likita kuma yana taron kwamiti, ba a san lokacin fitowarsa ba. A nan Mama Rhoda ta yi abin da Julius ya ce bai taɓa gani ba: ta rufe tagarta da rana tsaka. Ta riƙo Malam Dalhatu ta wannan hannu, ni ta wancan, ta tura ƙofar ɗakin taro da kafaɗa. Ga shayi, ga biskit, ga rahotona a tsakiyar tebur yana sheƙi.

"Madam Rhoda, wetin be dis?" in ji Dakta Olusegun. "Muna mitin fa."

Kun san abin da Malam Dalhatu ya yi? Mutumin da ƙafarsa ke ruɓewa saboda hukuncin da aka yanke a ɗakin nan, sai ya rusuna ya fara, "Ranku ya daɗe, Allah Ya saka da alheri, mu dai muna jin daɗin asibiti..." Na ji kamar in ɗora hannu a ka in yi ihu.

"Baba, rufe bakinka," in ji Mama Rhoda. "Ɗora ƙafan a kan kujera."

Ta warware bandejin da kanta. Wani ya ciro hankici ya toshe hanci. Ta ce, "Wannan yana cikin waɗanda suka gamsu sosai. Ga Malam nan, shi ya yi masa maki." Ina tsaye a bakin ƙofa kamar ƙasa ta tsage in shige. Da ƙyar na buɗe baki na ce rahoton nan bai da amfani, ban tambayi mutanen yamma ba, ban tambayi waɗanda suka daina zuwa ba, waɗanda na tambaya kuma tsoro da kunya ne suka amsa mini.

Zan yi wa Dakta Olusegun adalci, ba mugu ba ne. Ya ture kofin shayinsa, ya durƙusa ya taɓa ƙafar, ya rubuta takardar tura shi babban asibiti da hannunsa, ya kira wani abokinsa likitan fiɗa a waya. Sai da ya gama ya ce, "Baba, me ya sa ba ka faɗa mana ba?" Malam Dalhatu ya ce, "Ai kuna ƙoƙari, likita." Har a lokacin!

Yatsu biyu aka cire. Likitan fiɗa ya ce da an ƙara mako guda, daga ƙasan gwiwa za a yanke. Amma ƙafar ba ta tsira ba tukuna, don raunin da aka bari yana buƙatar wanki na watanni, in kuwa da safe za a ci gaba da yi, kowa ya san inda za a koma. Kwamiti ya yi mako uku yana nazari, abin da ya rufe a zama ɗaya. Daga ƙarshe aka buɗe ɗakin yamma kwana uku a mako, aka ce na gwaji ne. Shekara huɗu ke nan, har yau sunansa na gwaji.

Ita kuma Mama Rhoda, ladanta ya iso kafin a buɗe ɗakin. Takardar tuhuma aka ba ta, ta bayyana dalilin da ya sa ta bar bakin aikinta ta shigar da majinyaci ɗakin taro ba izini. Layi ɗaya ta rubuta: "Na rufe taga minti ashirin saboda mutum yana ruɓewa." Takardar tana cikin fayil ɗinta har ta bar aiki, kuma sau biyu ƙarin girma yana tsallake ta. Ni da na jawo ɓarnar, ba wanda ya ce mini kanzil. Sunana ma yana cikin waɗanda aka yaba wa a ƙarshen shekara. Duk lokacin da na tuna wannan raina ɓaci yake yi.

Wata biyar Malam Dalhatu yana zuwa wanki. Sau biyu ya tsallake, don kasuwar ruwa ta buɗe a bazara har da yamma. Mama Rhoda ta hau acaba ta sami shugaban 'yan garuwa a bakin famfo, ta ce ranar Litinin da Laraba da Juma'a, in ƙarfe uku ta yi, duk wanda ya bar Dalhatu ya tara jarka to shi zai ɗauki alhakin ƙafar. Daga ranar abokan aikinsa ne ke korarsa zuwa asibiti. Julius ya ce mini ba shi kaɗai ba ne. Akwai mai tarin da ta zaƙulo a Jama'a bayan ya yar da maganinsa a wata na biyu, akwai mai ciki a Zabi da ƙafafunta suka kumbura ta ce ba za ta koma ba don an daka mata tsawa a gaban jama'a. Wasu ta same su sun warke, wasu ta tarar an yi sadakar bakwai.

Na koma na sake binciken, ni kaɗai, ba farar riga, ba rubuta lamba, ina bin katunan kwalinta gida gida. Cikin mutum arba'in, talatin da ɗaya suka amayar da abin da ke cikinsu, wasu sai da na sha ruwa sau biyu kafin su gama. Na kai wannan rahoton ofis. Ban ji an kira taro a kansa ba.

Mama Rhoda, ke ce kunnen marasa baki. Ke ce kika san cewa in talaka ya ce miki "mun gode" a bakin taga, bai ce komai ba tukuna. Ba ki da digiri, ba ki da farar riga, ba a taɓa kiranki taron bita a Kaduna ba, amma ke kaɗai a gidan nan kika damu da wanda bai zo ba. Mu masu biro muna ƙirga waɗanda ke gabanmu mu tafi. Kin yi faɗa da likitoci, kin yi faɗa da ni, kin yi faɗa da marasa lafiyan kansu, kuma ban ga faɗanki ko ɗaya da kika yi don kanki ba.

Ranar walimar sallamarta, ƙarfe sha ɗaya na safe, aka ba ta agogon bango da kular abinci. Mutum uku suka tashi suka ce mace ce mai haƙuri wadda ba ta taɓa ɗaga murya ba. Na dube ta, ta harare ni. Na duba ɗakin ban ga Malam Dalhatu ba, na ce mata bai kyauta ba. Ta ce, "Ni na hana shi. Yanzu lokacin ruwa ne, me zai zo yi nan, shan lemo?"

Ni na ɗauke ta da kayanta zuwa Samaru, ta ce mu bi ta Chikaji. A hawan da ke gaban famfo muka hango shi. Kura cike da jarka goma, ya sunkuyar da kai yana turawa, yana ɗan ɗingishi, gumi ya jiƙa bayan rigarsa. Mama Rhoda ta sauke gilashi ta zuro kai.

"Dalhatu! Silifa ne nake gani a ƙafanka? Ina rufaffen takalmin da Julius ya ce ka riƙa sawa?"

Ya tokare kurar da dutse, ya share fuska, ya ɗaga murya kowa na ji.

"Mama, takalmin nan matse ni yake yi, ba na jin daɗinsa sam! Kuma sabuwan yarinyan da aka sa a taganki ba ta kallon fuskan mutum. Na faɗa mata, na faɗa wa likita, in ba su gyara ba zan sake faɗa!"

Ta koma ta jingina da kujera. Sai da muka wuce Kwangila na ga tana goge ido da gefen ɗankwali. Ta ce gobe in kai shi kasuwar Sabon Gari a nemo masa takalmin da ya fi faɗi.

Ku da kuke zaune a bayan tagogin asibitocinmu, masu kati da masu magani da masu biro irina, ba sai kun yi faɗa kamarta ba, wannan baiwarta ce. Amma ku nemi kwali ku ajiye a ƙarƙashin tebur, ku tambayi mutum a ina yake tsayawa, ranar da ba ku gan shi ba ku tashi ku je.

Mama, na san ba kya yarda da godiyar asibiti. Tawa ba a bakin taga nake yin ta ba, katina ba ya hannunki, ba abin da zan dawo nema wajenki jibi. Na gode, Allah Ya ba ki hutu da lafiya. Yau da safe mutum tara sun karya kumallo a wani gida a Chikaji, domin maigidan ya fita tura kura da ƙafafunsa biyu.